Leo Baekeland, Wanda Ya Dafa Dutse

Roba iri biyu ce. Akwai wadda ake tatsowa daga itace, akwai kuma wadda ake haɗawa a masana'anta, wato filastik. Mutumin da ya fara haɗa filastik ba tare da ƙaron itace ko na dabba ba, sunansa Leo Baekeland.

An haife shi a birnin Gent, ƙasar Beljiyam, cikin 1863. Ubansa mai gyaran takalma ne, ba shi da wadata. Amma yaron ya dage da karatu, har ya sami digirin dakta a ilmin haɗa magunguna yana da shekara 21. Cikin 1889 ya ƙaura zuwa Amurka. Can ya zama mai ba masana'antu shawara, yana kama wannan aiki yana sakin wancan, har kuɗinsa suka ƙare, ga kuma ciwo. Sai ya ƙudura a ransa zai riƙe abu guda har ya ga ƙarshensa. Da haka ya ƙago wata takardar wanke hoto da hasken fitila, ya sayar wa George Eastman cikin 1899, ya sami dukiya mai yawa.

A zamanin nan lantarki yana ta yaɗuwa, ana bukatar abin rufe wayoyinsa don kada su halaka mutane. Abin da ake amfani da shi wani ƙaro ne mai suna shalak, wanda waɗansu ƙananan ƙwari suke yi a itatuwan Indiya, ga shi kuwa ba ya isa. Masana sun sha gauraya fenol, wanda ake samu daga kwalta, da wani magani mai suna fomaldihaid, amma sai su sami wani dunƙule mai tauri, su zubar. Baekeland bai zubar ba. Ya yi ta gwaji a gidansa da ke Yonkers, yana rubuta kome a littafi. Daga bisani ya gane in aka dafa haɗin cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe, aka daidaita zafi da matsi, ba ya kumfa, sai ya daskare sumul. Cikin 1907 ya ci nasara, ya sa wa abin suna Bakelite.

In ya daskare, wuta ba ta narkar da shi, lantarki kuma ba ya ratsa shi. Saboda haka aka yi ta ƙera tarho, da akwatin rediyo, da mariƙin dutsen guga da shi. Baekeland ya kafa kamfaninsa cikin 1910, ya rasu cikin 1944. Lalle gaskiyar Hausawa ne, mai haƙuri yakan dafa dutse.

Tambayoyi
1. Mene ne amfanin shalak?
2. Me Baekeland ya yi wanda sauran masana ba su yi ba?