Darasi na 18: Salula mai murfi

Yara, ku ɗauki ma'aunin da kuke jan layi da shi. Ku auna daga kunnenku zuwa bakinku. Sa'an nan ku auna aljihun rigarku. Wanne ya fi tsawo?

Ga matsalar da masu ƙera salula suka daɗe suna fama da ita. Tarho yana son tsawo, don ya kai kunne, ya kai baki. Aljihu kuwa yana son abu gajere. Yaya za a yi?

A ran 3 ga watan Afrilu na shekara ta 1973, wani injiniya mai suna Martin Cooper ya tsaya a bakin titi a birnin Niyok na ƙasar Amurka, ya buga waya da tarhon da ba shi da igiya. Ma'aikacin kamfanin Motorola ne. Sai a shekara ta 1984 aka fara sayar da irin wannan tarho. Sunansa DynaTAC. Nauyinsa ya kusa giram 800. Tsawonsa, har da eriya, ya fi ma'auninku na santimita 30. Ana cajinsa awa 10, a yi magana minti 30, batir ya mutu. Babu aljihun da zai ɗauke shi. Mutane suka riƙa ce masa bulo.

A watan Janairu na 1996, kamfanin ya fito da wata salula mai suna StarTAC. An raba ta gida 2, an haɗa su da gaɓa, kamar gwiwar hannu. In an buɗe ta, ta yi tsawo, ta kai kunne da baki. In an rufe ta, ta koma rabi, ta shige aljihu. Nauyinta giram 88 ne kawai, kamar ƙwan zabo 2. Irin wannan ita ce muke kira salula mai murfi.

A yawancin salula mai murfi, allo yana ɓangaren sama, tare da ƴar lasifikar da ake karawa a kunne. Maɓallai da makirho suna ɓangaren ƙasa. Wasu suna da ƙaramin allo a bayan murfi. Yana nuna lokaci da sunan mai kira, ba sai an buɗe ba.

Murfin nan yana da amfani ƙwarai. Manomi yana duƙe yana noma, salula tana aljihu. Ba abin da zai taɓa maɓallai, balle ta kira wani da kanta, kuɗin waya su ƙare a banza. Ƴar kasuwa tana jefa tata cikin jaka tare da makullai da canji, allon bai karce ba. In an kira ka, ka buɗe, ka yi sallama. In kun gama, ka rufe, ƙwas! Magana ta yanke. Tsofaffi suna jin daɗin wannan, don ba sai sun nemi maɓallin da za su latsa ba. Maɓallan kuma manya ne. A kan lamba 5 akwai ɗan tudu ƙarami. Da shi makaho yake gane sauran lambobi, haka ma mai lalube cikin duhu.

Batirinta yana yin kwanaki, saboda ƙaramin allo ba ya cin wuta da yawa. Wannan babban abu ne a ƙauyen da babu kuran, inda sai ran kasuwa ake kai caji.

Rubuta saƙo ne yake son haƙuri. Maɓalli guda yana ɗauke da baƙaƙe 3 ko 4. A kan lamba 2 akwai A, B da C. Mai son C sai ya latsa sau 3. Kuma babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Wanda yake son ya ce «mun yi baƙi», sai ya rubuta «mun yi baki». Mai karatu ne zai gane da hankalinsa.

To, ban da amfani, akwai ado. A shekara ta 2004 aka fito da Motorola RAZR V3. Jikinta na ƙarfe ne mai sheƙi. Kaurinta bai kai santimita 1 da rabi ba. Daga baya aka yi baƙa, aka yi mai ruwan hoda. An sayar da fiye da miliyan 100. A lokacin salula tana ta bazuwa a Nijar, don tun 2001 ta soma shiga garuruwanmu. Samari suka koyi buɗe murfi da babban yatsa, da hannu guda, don a gani. A ƙasar Japan kuwa, mutane sun riƙe salula mai murfi shekaru da yawa, suna rataya mata ƴan kayan ado.

Amma gaɓar da ta kawo dabara, ita ce wurin rauni. Cikinta akwai wani siririn ɗamara mai wayoyi ƙanana. Shi ne yake kai wuta daga ƙasa zuwa allo. Kowace buɗewa, sai ya lanƙwasa. Yau da gobe sai ya tsinke, allo ya yi fari fat, ko ya mutu. Ƙurar hunturu da rairayi su ma suna shiga gaɓa, ta riƙa ƙara. Saboda haka kada ku buɗe murfi da ƙarfi. Kada ku tura shi ya wuce inda ya tsaya. Kada ku ajiye salula a ƙasa, ko cikin rana. In ta lalace, a kai wa mai gyara.

A shekara ta 2007 iPhone ta fito, mai babban allo na shafawa. Sannu a hankali irinta suka cika kasuwa, masu murfi suka ragu. Amma ba su ɓace ba. A 2020 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya fito da Galaxy Z Flip. Ita wannan, allon da kansa ne yake ninkewa a tsakiya.

Kalmomi

salula mai murfi: le téléphone à clapet
gaɓa: la charnière
allo: l'écran
maɓalli: la touche
batir: la batterie

Tambayoyi

1. Don me aka riƙa ce wa DynaTAC bulo?
2. Ku faɗi amfani 2 na murfin salula.
3. Mene ne aikin ɗan tudun da yake kan lamba 5?
4. Me yake sa allon salula mai murfi ya mutu?

Aiki

1. Shekara nawa ne daga 1973 zuwa 1996?
2. Ku ɗebe giram 88 daga giram 800.
3. Ku yi jimla da «kafa», ku yi wata da «ƙafa».
4. Ku ninka takarda gida 2. Ku zana allo a sama, maɓallai 12 a ƙasa. Ku rubuta sunan kowane ɓangare da Hausa da Faransanci.