Amsoshin Tambayoyinku: Shin Yanke Fim Yana Rage Masa Armashi?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Abattoir a Jos yana tambaya: me ya sa fim ɗin da ya kalla a talabijin ya bambanta da wanda ya gani a wayarsa, kuma wanne ya fi daɗin kallo?

To Malam, mun gode. Almakashi uku ne ke taɓa fim. Na farko na mai shiryawa ne, wanda ke zubar da abin da zai gundiri mai kallo. Na biyu na hukuma ne. A Najeriya akwai hukumar tace fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1993, sai ta Jihar Kano da ta zo a 2001. Na uku na gidan talabijin ne, saboda lokaci da tallace-tallace da yaran da ke zaune a falo; shi ya sa na talabijin kan bambanta da na waya.

Ga misali daga Indiya. A fim ɗin Sholay na 1975, asali Thakur, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, shi ne ya kashe mugun labarin, Gabbar Singh. Masu tacewa suka ƙi yarda, dole darakta Ramesh Sippy ya sake ɗaukar ƙarshen, 'yan sanda suka kama Gabbar da ransa. Ka ga, an sauya saƙon labarin gaba ɗaya: ramuwar gayya ta koma hukuncin doka.

Saboda haka armashi ya danganta da abin da aka cire. Idan batsa ce, iyali sun samu sakewa su kalla tare. Idan kuwa aka datse zaren labari, mai kallo ne aka cuta. Shawararmu, Malam, ka duba alamar shekarun da aka buga wa fim kafin ka kunna shi a gaban yara.