Mai Waldar Bututun Mai

Kowane yaro ya san maƙeri. In ka je maƙera za ka tarar da shi zaune gaban wuta, yaronsa yana zuga, shi kuwa ya sa awartaki ya ciro ƙarfe jawur, ya aza bisa uwar maƙera, ya yi ta dukansa da masaba har ya zama fartanya ko lauje. To, maƙeri yana da wani ƙane wanda zamani ya haifa, watau mai walda. Shi ba ya dukan ƙarfe, narka shi yake yi, ya haɗa guda biyu su koma ɗaya. Kun saba ganinsa a bakin titi yana yin ƙofofi da tagogi, amma inda aka fi neman gwanin wannan sana'a shi ne wajen aikin man fetur da iskar gas.

Ga dalili. A shekarar 1956 aka fara samun man fetur mai yawa a Nijeriya, a wani ƙauye da ake kira Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, aka soma sayar da shi ga ƙasashen waje a 1958. Shi mai daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, sau da yawa kuwa a cikin fadama ko a teku, nesa da masu bukatarsa. Ba a ɗaukarsa a tulu, motoci kuma ba za su iya kwashe shi duka ba. Sai a shimfiɗa masa bututu na ƙarfe, a binne, a riƙa tura shi ciki da ƙarfin inji. Da aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, ta bututu aka jawo mata ɗanyen mai tun daga wajen Warri. Haka kuma a Nijar, ta bututu man Agadem ya iso matatar da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011.

Amma fa ba a ƙera bututu ɗaya mai tsawon haka. Guntu-guntu ake kawo shi, kowane guntu wajen mita 12. Bari mu yi ɗan lissafi. A 2020 aka soma aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Tsawonsa kilomita 614, faɗin bakinsa inci 40, har ƙaramin yaro ya iya shiga ciki a sunkuye. Kilomita 614 mita 614,000 ke nan. In kun raba da 12 za ku ga guntayen sun haura 50,000, kowanne kuwa sai an haɗa shi da ɗan'uwansa. Akwai injuna masu taimakawa, amma su ma mutum ne ke bi da su, wurare masu wuya kuma sai hannu.

Ga yadda ake yi. Da fari a feƙe bakin guntayen nan biyu, a goge tsatsa, a daidaita su baki da baki. Mai walda yana da inji mai ba da wutar lantarki, da wayoyi biyu. Ɗaya ya maƙala ta jikin bututu, ɗaya kuwa tana riƙe da wani siririn tsinken ƙarfe. Da ya taɓa tsinken ga bututu ya ɗan ɗaga, sai wuta ta yi tsalle tsakaninsu, da zafin da ya wuce digiri 3,000. Ƙarfen bututu kuwa a wajen digiri 1,500 yake narkewa. Sai tsinken ya narke, bakin bututu ya narke, su gauraya su cika tsagin. Ba a gamawa a zagaye ɗaya. In ya kewaye sau ɗaya sai a kankare dattin da ya taso, irin wanda muke kira kashin maƙera, sa'an nan ya sake kewayawa, har tsagin ya cika.

Wuyar aikin ita ce, bututun da ke cikin daji ba ya juyuwa, mai walda ne ke juyawa. Ya fara daga bisa a tsaye, ya gangaro gefe a durƙushe, ya ƙare a kwance rigingine, tartsatsi na zubo masa, hannunsa kuwa ba dama ya yi rawa. Don haka yake sa safar hannu ta fata da tufa mai kauri, ya rufe fuska da garkuwa mai baƙin gilashi. Ku ma, yara, kada ku tsaya kallon hasken walda. Wanda ya ƙura masa ido, da dare sai ya ji kamar an zuba masa rairayi.

Me ya sa ake wannan tsanani? Ku tuna da tayar keke. In ƙaya ta huda ta, kome ƙanƙantar hujin iska za ta fita. Abin da ke cikin bututu ya fi iskar taya matsi nesa ba kusa ba, ga shi kuma da cin wuta. Kafa kamar ta allura ta isa ta ɓata gonaki da ruwan sha, ko ta jawo gobara. Saboda haka in an gama haɗi sai masu dubawa su zo su ɗauki hotonsa, kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. In an ga rami a ciki, sai a kankare wurin a sake.

Mai son wannan aiki sai ya riƙe lissafi da karatu tun yanzu, gama awo da zane ake bi, ba a yi da ka. Ana koyon walda a makarantun koyon sana'a, akwai kuma babbar makarantar horon ma'aikatan man fetur a Effurun, kusa da Warri. Can da wurare irinta ake horar da abokan aikinsa, kamar masu gyaran lantarki da masu kula da injuna.

Takardar shaida kaɗai ba ta isa a ɗauki mutum ba. Ran da ya je neman aiki sai a ba shi guntayen bututu biyu, a ce ya haɗa, ana tsaye ana kallo. In ya gama sai a yanko yanki daga wurin haɗin, a sa a inji a tanƙwara shi. In ya tsage, sai ya koma ya ƙara koyo. In bai tsage ba, sai a rubuta sunansa.