Yadda Za Ka Gano Dalilin Da Ya Sa Tsohuwar Motarka Ta Fara Shan Mai Farat Ɗaya

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin masu mota ya canza. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Shi ya sa idan tsohuwar Corolla ko Honda da ke kai ka mako guda da rabin tanki ta koma shanye shi a kwana huɗu, aljihu ne zai fara kuka. A darasinmu na yau za mu ga yadda ake bin sawun matsalar mataki-mataki, har da amfani da wayar hannu, kafin a fara sayen kayan gyara da ka.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne: tsufa yana ƙara wa mota shan mai ne a hankali, cikin shekaru. Idan abin ya zo farat ɗaya, to wani abu ne ya lalace, ko wani ya taɓa wani abu. Aikinmu shi ne gano shi.

Mataki na 1: Auna, kada ka dogara da allurar tanki

Allurar mai a tsofaffin motoci tana yawan yin ƙarya. Ka je gidan mai ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da lambar tafiya sifili. Bayan kwanaki ka koma gidan man nan, a kan famfon nan, ka sake cikawa. Sai ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Misali, kilomita 300 da lita 30 na nufin kilomita 10 a kowace lita. Idan lita 40 ta shiga, ka sauko zuwa 7.5, wato asarar lita 10 ke nan. A lura, yawancin motocin da aka kawo daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, sai ka ninka da 1.6 kafin ka samu kilomita.

Mataki na 2: Me ya canza?

Wanda a da yake fita ta Titin Zariya zuwa wajen gari, yanzu kuma zirga-zirgarsa ta koma tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi, Asibitin Malam Aminu Kano da kasuwar Tarauni, dole man sa ya ƙaru ko da motar lafiyarta ƙalau. Tafiya ce gajera, cike da tsayawa da tashi, kuma injin da ke aiki a tsaye yana ƙona mai ba tare da ya ci ko taku ɗaya ba. Haka ma kunna AC dare da rana a zafin Maris zuwa Mayu.

Ka tuna kuma inda ka sha mai na ƙarshe. Man ƴan bumburutu ba shi da tabbas, kuma ko na gidan mai yakan zo gurɓatacce, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2022 lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol. Sannan tambaya mafi muhimmanci: an kai motar gareji kwanan nan? Me aka cire, me aka sa?

Mataki na 3: Binciken da ba ya cin ko kwabo

Da safe ka leƙa ƙarƙashin motar, ka kuma shinshina. Warin fetur na nufin yoyo daga tiyo ko tanki. Wannan ya wuce batun asara, gobara ce ke jira, don haka kada a ɗaga gyaran zuwa gobe.

Ka sa mai faci ya auna iskar tayoyi kafin su yi zafi. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin 30 zuwa 35. Bayan tafiyar minti goma kuma, ka kusantar da hannu ga kowace ƙafa. Idan ɗaya ta fi sauran zafi sosai, birkinta yana riƙewa, injin na jan motar ne da birki a kame.

Masu tsohuwar Toyota mai giyar otomatik su duba ko fitilar O/D OFF tana kunne. Ɗan maɓalli ne a jikin giya da yara kan danna, yana hana motar shiga giyar ƙarshe.

Mataki na 4: Tambayi kwamfutar motar

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari da ake kira OBD2. Akwai ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da ake cusawa a nan, ta haɗu da waya ta Bluetooth, sai a karanta bayanan da manhaja irin su Torque ko Car Scanner.

Kafin nan, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar injin ta gargaɗi dole ta kama. Idan ba ta kama ba, wataƙila an cire ƙwanta don a ɓoye matsala. Lambobin da suka fi alaƙa da shan mai su ne:

P0300 zuwa P0306: silinda ba ta ƙona mai daidai, sau da yawa fulogi ne ko kwayil.
P0171: iska ta yi yawa, kwamfuta na ƙara mai don ta cike.
P0172: mai ya yi yawa.
P0128: injin ba ya kai zafin da ya kamata.
P0130 zuwa P0135: sensar oksijin da ke jikin salansa.

Ka rubuta lambobin kafin kowa ya goge su. Goge lamba ba gyara ba ne, kuma cire kan batir yana share shaidar.

Ko babu lamba, akwai abu biyu da za ka kalla a manhajar. Na farko zafin ruwan injin: bayan tafiyar minti 15 ya kamata ya zauna wajen digiri 85 zuwa 100. Na biyu shi ne LTFT, wato gyaran da kwamfuta ke yi wa awon mai. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai. Idan LTFT ya haura +10, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, kamar fasasshen tiyo, ko kuma sensar auna iska ta yi datti. Idan ya faɗi ƙasa da -10, mai ne ke kwarara fiye da ƙima, misali nozul mai ɗiga.

Mataki na 5: Abubuwan da suka fi faruwa a Kano

Na farko shi ne cire tamostat. Mota ta yi zafi, sai a cire shi, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu akwai rana. Sakamakon shi ne injin ba ya ɗumama yadda ya kamata, musamman da safiyar hunturu, kwamfuta kuma ta ci gaba da zuba mai da yawa kamar yanzu aka tayar. Maganin zafi shi ne wanke lagireto da gyara fanka, tamostat kuma a mayar da shi.

Na biyu shi ne taɓa salansa. Idan aka cire matatar hayaƙi da makanikai ke kira indomi, a wajen yanka da walda akan lalata sensar oksijin ko a bar ƙofar da iska ke shiga, sai sensar ta riƙa ba kwamfuta labarin ƙarya.

Na uku ƙurar hunturu. A mota mai kafireta, toshewar filtar iska tana ƙara shan mai kai tsaye. A mai injekta kuwa ƙarfi take ragewa, amma yagaggiyar filta tana barin ƙura ta manne a sensar iska. Da feshin da aka yi dominta ake wanke sensar, ba da fetur ko buroshi ba.

Baƙin hayaƙi a salansa da baƙin toka a bakin fulogi duk shaida ce ta yawan mai. Idan kuma fitilar injin tana ƙyaftawa, ka rage gudu ka nufi gareji nan take.

Kafin ka tafi Ƙofar Ruwa

Lamba tana nuna inda za a duba ne kawai. P0171 ba ta ce a sayi sabuwar sensa ba, wataƙila tiyo ne ya tsage. Ka nuna wa bakanike abin da wayar ta karanta, ka ce: “Maigida, a gwada mini wannan kafin a canza.” A canza abu ɗaya a lokaci guda, a ba ka tsohon, ka kuma tabbata lambar kayan da za a sayo ta dace da injinka. Daga nan ka sake cika tanki ka yi awon mataki na farko. Idan lissafin ya koma yadda yake a da, gyara ya yi. Idan bai koma ba, ka wuce zuwa abu na gaba a jerin.