Sanin Kusurwowi ga Matafiyi a Ƙasar Gazawa, Agye da Gidan Rumji

Matafiyin da ya nufi wannan yanki na jihar Maraɗi ya kamata ya fara riƙe babbar kwalta a zuci, wato hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Rumji, ta bi ta Maraɗi, Cadawa, Agye da Gazawa, sannan ta zarce Tasawa da Damagaram. Tunda daga yamma zuwa gabas take tafiya, kowane ƙauye ko dai yana arewa da ita, ko kuwa yana kudu, ɓangaren iyakar Najeriya.

Mutanen karkara sun fi yin kwatance da kusurwowin duniya a kan dama da hagu, kuma hakan ya fi aminci, domin hannun mutum yana juyawa tare da shi, gabas kuwa tana nan inda take. Baƙon da ya saba da Hausar Kano zai ji ana cewa gusum, wato kudu, da kuma hauni, wato hagu, saboda haka idan manomi ya ce masa ya yi gusum da rijiya, ana nufin ya bar rijiyar a arewa da shi. Haka nan kalmar Arewa, wadda ɗan Najeriya kan kira yankinsa da ita, a Nijar sunan ƙasar Dogon Dutsi ce ma.

Lokacin hunturu, sa'ad da hazo kan rufe rana, masallaci shi ne ma'auni mafi sauƙi, domin ɗan kumburin da ke fitowa a bangonsa, inda liman yake tsayawa, yana nuna alƙibla, wadda a nan take gabas da ɗan karkata arewa. Da damina kuwa gero yakan yi tsawon da zai ɓoye alamun hanya, gulbin Maraɗi kuma, wanda ya bi ta Tsibiri da Gidan Rumji, yakan kawo ruwa, don haka wajibi ne a tambaya ko garin da ake nema yana ƙetare, wato ɗaya gaɓar.

Ba a tambayar hanya sai bayan gaisuwa, kuma jin "nan kusa ne" bai isa ba sai an san ko da ƙafa ake nufi, ko da amalanke, ko da kabu-kabu. Mai niyyar gangarawa ƙauyukan bakin iyaka a Gidan Rumji ya nemi labarin tsaron hanya a tasha kafin ya tashi, kuma kada ya bari magariba ta riske shi a daji.