Robar Gam Ta Toshe? A Nisanta Ta Da Fetur

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, ƙorafi ɗaya ne ke yawo a bakin kafintoci, daga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano har Panteka a Kaduna: robar gam ta toshe. A matsa, a sake matsawa, ko ɗigo ba ya fitowa, alhali ga nauyin gam ana ji a hannu. Toshewar ba abin mamaki ba ce. Abin da ke ci wa mai wannan shafi tuwo a ƙwarya shi ne maganin da ake ta yaɗawa tsakanin yaran shago, wai a ɗiga fetur ko kananzir ko tina a cikin robar, a girgiza, gam zai dawo sabo fil. Har manyan da suka yi shekara da shekaru suna riƙe da zarto ana jin wannan magana a bakinsu, kuma da ƙarfin gwiwa suke faɗinta.

Wannan gyaran gangar auzinawa ne, kuma kujerun mutane ne ke biyan kuɗinsa.

Farin gam na katako, irin su Top Bond da Fevicol, da ɗan'uwansu mai ruwan ɗorawa irin Titebond da ake shigowa da shi daga Amurka, duk dangi ɗaya ne. Tushensu wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa da PVA, wanda wani Bajamushe, Fritz Klatte, ya gano a 1912. Kusan rabin abin da ke cikin robar ruwa ne tsagwaronsa. Sauran rabin kuwa ƙananan ƙwayoyin danƙo ne da ido ba ya gani, suna yawo a cikin ruwan ba tare da sun narke ba, kamar yadda maiƙo ke yawo a cikin madarar shanu. Idan aka shafa gam a katako, katakon ya tsotse ruwan, iska ta kwashe saura, sai ƙwayoyin su matso su manne da juna su zama fata ɗaya mai tauri. Da zarar sun haɗe, ba sa komawa yadda suke, kamar dai madarar da ta tsinke.

Dalilin toshewa bai wuce wannan ba. An bar baki a buɗe, ruwa ya tsere daga ɗan gam ɗin da ya maƙale a tsinin, ya zama toshi. A hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a Kano da Katsina da Damagaram, don haka abin da zai ɗauki yini a damina, kafin a dawo daga sallar azahar ya gama. Garin katako da ke tashi a shago shi ma yana taimakawa.

To, ina fetur ya shigo? Ana iya gane inda jita-jitar ta samo asali. Akwai wani gam daban, mai launin zuma da wari mai hawa kai, irin Evo-Stik da ake manna fomeka da tafin takalmi da shi, da sholishon masu faci. Wannan roba ce da aka narkar a cikin sinadarai masu kama da tina, babu ruwa a cikinsa, shi ya sa idan ya yi kauri aka ƙara masa tina yakan saki. Yaro ya ga ogansa ya yi haka da gwangwanin Evo-Stik, sai ya ɗauka duk abin da ake kira gam haka yake. Farin gam kuwa na ruwa ne, fetur da kananzir kuma ba sa haɗuwa da ruwa. Ba sa narkar da toshin. Abin da suke yi shi ne su zauna a saman gam, idan aka girgiza su watsu a cikinsa a matsayin ɗigon mai. Tina ta fi su ƙarfi, takan ɗan tausasa busasshen, kuma wannan ne ke ruɗin mutane. Amma idan ta sauka kan gam mai rai da ke ƙasa, sai ta sa ya dunƙule ya yi gudaji.

Ɓarnar ba a ranar take bayyana ba, shi ya sa ba a ɗora laifin inda ya dace. Gam mai fetur yana fita daga roba, fari ne, yana shafuwa, har ya riƙe katako na ɗan lokaci. Sai dai ƙarfin farin gam ya dogara ne da shigarsa cikin ƙofofin katako, mai kuma yana rigan shi shiga ya toshe su. Bayan wata biyu ko uku, ƙafar kujera ta fara rawa, ƙofar durowa ta buɗe baki a mahaɗa, mai kaya ya dawo yana faɗa. Kafinta ya ce katakon ne ɗanye, ko ya ce gam ɗin yanzu duk jabu ne. Idan aka ɓalle mahaɗar aka duba, za a ga fuskokin biyu sumul suna ƙyalli, babu ko silin katako ɗaya da ya biyo gam. Wani lokaci ma har warin kananzir ɗin yana nan. Sannan wurin da man ya taɓa ba ya karɓar fenti da kyau.

Ga kuma wuta. Shagon kafinta cike yake da garin katako da ɓawon da aka fere, ga soso da yadin kujera, ga janareta a bakin ƙofa, ga mai walda a maƙwabta yana watsa tartsatsi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya tafiya nesa ya tarar da wuta ya dawo da ita. Kasuwannin katako sun sha gobara a ƙasar nan, ba sai an tuna wa kowa ba. A ce saboda toshin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba mutum ya ajiye gorar fetur ƙarƙashin bencin aiki, wannan ganganci ne. Mafi muni shi ne wanda zai ɗiga fetur, ya ga bai yi ba, sannan ya ɗauko ƙusa ya gasa a wuta ya soka a bakin robar. Ana yin haka, kuma gira da gashin baki sun sha ƙonewa a kai.

Ko babu fetur, gasasshiyar ƙusa ɓarna ce. Tana narkar da tsinin, ramin ya faɗaɗa ya karkace, daga ranar gam ya riƙa kwarara fiye da buƙata, marfi kuma ba zai sake rufe shi ruf ba.

Gyaran na gaskiya ba ya cin ko sisi. A kwance kan robar gaba ɗaya, a raba shi da gangar jikin, a rufe bakin gangar da leda da kyauro don kada iska ta shiga. Idan kan ya ƙi juyawa, a naɗe shi da tsumma mai ruwan zafi na ɗan lokaci, kada a kama shi da filaya da ƙarfi ya tsage. A jefa kan shi kaɗai cikin kofin ruwan zafi, zafin da hannu ba zai daɗe a ciki ba amma bai kai tafasa ba, wajen digiri 60. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa roba mai laushi, marfin ya daina zama. Bayan minti 15 zuwa 20, toshin da yake garau kamar gilashi zai koma fari ya yi taushi. Sai a tura shi da tsinken tsire ko siririyar waya daga waje zuwa ciki, wato daga tsini zuwa faɗi. Mutane da yawa daga ciki suke turawa, suna ƙara cusa shi inda ya fi matsi. Idan aka yi daidai, yakan fito ɗungurungum da siffar tsinin, har da zanen zaren marfin a jikinsa.

Sirrin da ke sa hakan ya yiwu shi ne farin gam ba ya kama irin robar da ake yin waɗannan kwalabe da ita. Yana zaune ne kawai a jikinta. Saboda haka ɓare shi ake yi, babu buƙatar neman abin da zai narkar da shi.

Akwai masu taurin kai. Gam ɗin da aka rubuta D3 ko D4 a jikinsa, bisa ma'aunin Turai na jure ruwa, da Titebond II da III, an yi su ne don kada ruwa ya ci su, don haka ruwan zafi kaɗai kan yi jinkiri a kansu. A nan sai a haɗa ruwan khal da ruwan zafi rabi da rabi, a bar kan ya kwana a ciki. Da safe a goge da tsohon burushin haƙori, a ɗauraye, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar.

Gangar robar kuma hukuncinta ya danganta da abin da ya rage a ciki. Idan fata ce kawai ta yi a sama, ƙasan yana nan sumul, a sa waya mai ƙugiya a ɗago fatar a yar. Kada a juya ta cikin sauran, domin gutsattsarinta ne za su sake toshe tsinin gobe, kuma idan ɗaya ya shiga mahaɗa sai ya hana katako biyu haɗuwa. Wanda ya riga ya juya, ya tace ta ƙyallen gidan sauro. Idan kuwa robar ta ƙare ana son sake amfani da ita, abin da ya fi sauƙi shi ne a bar ta a buɗe kwanaki har ragowar ya bushe ƙarau, sannan a murza jikinta ta kowane gefe. Za a ji yana ɓanɓarowa, a jawo shi da filaya. Abin da ya maƙale a gindi, a zuba ruwan zafi da ɗan sabulu da tsakuwa kaɗan, a girgiza.

Gam ɗin da ya yi kauri amma bai yi gudaji ba ana iya ƙara masa ruwa mai tsabta. Kaɗan ake nufi: masu yin Titebond sun ƙayyade kashi 5 cikin 100, wato cokalin shayi biyar a rabin lita. Abin da ya wuce haka ƙarfi yake ragewa. Wanda ya koma kamar danƙo yana jan zare, ko ya yi gudaji, ko ruwa ya rabu da shi aka juya ya ƙi haɗuwa, ko ya yi baƙin fumfuna da ɗoyi, ya mutu. A zubar. Yawancin irin wannan gam shekara ɗaya zuwa biyu yake yi a rufe, zafin Maris da Afrilu a shagon kwano kuma yana rage masa kwana sosai.

Duk wannan bayani na farin gam ne. Mai kumfa irin Gorilla Glue na asali da danshi yake ƙamewa, saboda haka ruwa ƙara toshe shi yake yi, kuma idan ya ƙame a roba sai dai a huda da abin huji ko a haƙura. Super Glue ma danshi ne ke kama shi, asiton ne ke sakinsa. A karanta jikin roba kafin a taɓa ta.

Sai dai karatun yana yiwuwa ne idan akwai rubutu, kuma a nan laifin masu sayarwa yake. An mayar da al'ada a sayi babban bokiti a riƙa ɗurawa a tsofaffin gorunan ruwa da na lemo ana sayarwa tsilla-tsilla, babu suna, babu kwanan wata, wasu ma sai sun tsinka shi da ruwa don ya yi auki. Kafinta ya saya don araha, bai san ko na bara ne ko na bana ba. Ruwan da aka ƙara shi ke kawo fumfuna. Gorar ruwan sha kuma siririya ce, tana tsukewa idan ta ji ruwan zafi, ba ta wankuwa ta hanyar da aka bayyana. Ga haɗarin yara, domin farin abu a gorar lemo yaro nono zai ɗauke shi, balle a ce an gauraya shi da kananzir. Su ma iyayen gidan shago suna da nasu kason. Yaro zai yi shekara yana koyon aiki, an koya masa wasa zarto da buga ƙusa, amma ba a taɓa zaunar da shi an ce wannan gam na ruwa ne, wancan na tina ne ba. Daga baya a zage shi idan ya yi ɓarna.

Wata ɗabi'a da ya kamata a bari ita ce toshe bakin roba da ƙusa. Farin gam yana da ɗan tsami, yana sa ƙarfe tsatsa cikin kwanaki, tsatsar ta bi gam zuwa katako. A kan maɗaci da iroko takan bar baƙin tabo wanda sanfefa ba ta cire shi da sauƙi. Idan marfin ya ɓata, a feƙe ɗan guntun katako ko a sa leda da kyauro. Bayan kowane shafi a buga gindin robar a benci sau biyu don gam ya koma ƙasa, a share tsinin da jiƙaƙƙen tsumma, a rufe. Ɗan basilin a zaren marfi, daga waje kawai, yana hana shi kamewa. Mai bokiti ya riƙa ɗiban na mako ɗaya a ƙaramar roba, ya shimfiɗa leda a kan fuskar sauran kafin ya rufe, ya ajiye a inuwa nesa da kwanon rufi.

Wanda ya ceto gam kuma yana shakkar ƙarfinsa, kada ya gwada a kan gadon amarya. Ya samu guntayen katako biyu busassu, ya shafa, ya matse su na awa ɗaya, ya bar su awa 24, sannan ya sa guduma. Idan katakon ne ya tsage ya bar sili a jikin gam, a ci gaba da aiki da shi. Idan suka rabu sumul a kan layin, a zubar da robar a sayi wata mai rubutu a jiki.