Darasi: Gyaran Na'urar Wanke Tankin Bahaya a Motar Yawon Shaƙatawa

A Amurka na fara tuƙa motar da ake kwana a cikinta, mai ɗauke da ban-ɗaki. Bahaya yana taruwa ne a tankin da ke ƙarƙashinta, ana wanke shi da tiyon da ake jonawa daga waje.

Wata rana na jona tiyo, ruwa ya ƙi shiga. Na duba tiyon, bai lanƙwashe ba. Na duba bawul mai hana ruwa komawa baya, lafiya lau. Ashe ramukan kan feshin ne suka toshe. Na kwance shi, na tsokale su da siririyar waya, sai ruwa ya wuce.

'Yan'uwa ɗalibai, a kula: a buɗe mafitar tankin kafin a saki ruwa, in ba haka ba ƙazanta ta ambaliyo ta masai. Kada kuma a yi wannan aiki da tiyon ruwan sha.